Sun ce a soke ranar ƙungiyoyi a mayar da ita lesin: me kuka gani?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin Asabar mai zuwa. A taron iyaye da malamai na makarantar yarona, wata sakandaren je-ka-ka-dawo a nan cikin garin Bauchi, an kawo maganar a soke awa biyun da ake ba ƙungiyoyin ɗalibai ranar Laraba bayan an tashi, a mayar da su lesin na Lissafi da Turanci ga 'yan SS2 da SS3. Har wasannin gidaje da ake yi a zango na biyu an ce a jingine su bana. Hujjarsu ita ce sakamakon WAEC na bara bai yi daɗi ba, ga JAMB na tafe. Ba a yanke hukunci ba tukuna, an ce kowa ya je ya yi tunani. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga lesin, don babu jami'ar da za ta tambayi yaro ko ya iya muhawara ko gudun mita 100. Kiredit 5 take nema har da Turanci da Lissafi, sai makin JAMB. Amma na san akwai malamai da tsofaffin ɗalibai a nan, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Khalil, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka ajiye maganar jarrabawa ma, ka dubi aljihu. Da zarar an ce inta-haus, wato wasannin gidaje, sai takarda ta biyo yaro gida: kuɗin riga mai launin gidansu, farin takalmi da safa, kuɗin ruwa da gulukos. In aka zaɓi 'yarka sarauniyar gida kuwa, sai ka ɗinka mata kaya kamar za a kai ta ɗakin miji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke daga Yelwa zuwa cikin gari ya ishi mutum. Yarinya ta tsaya kulob har ƙarfe huɗu, abokan tafiyarta sun watse, ta dawo da yunwa, ta makara Islamiyya, ga wanke-wanke na jiranta. Wa ya ci riba a nan?

Malamar Turanci:
Hajiya Maman Ilham, maganar kuɗi da ta dawowar 'yan mata gida gaskiya ce, zan dawo kanta. Bari in fara da jarrabawar da ake cewa dominta za a yi wannan aiki, don a nan ne nake ganin an yi kuskuren lissafi.

Yaron da ya zauna tun ƙarfe takwas na safe har biyu na rana a aji mai cunkoso, malami na rubutu a allo shi yana kwafa, in ka ƙara masa awa biyu a wannan ajin, da wannan malamin, da wannan salon, cikinsa babu komai, me ka canza? Abin da bai shiga da safe ba, ba zai shiga da rana tsaka ba. Ku ɗauko takardar Turanci ta WAEC ta kowace shekara ku duba. Ana so yaro ya rubuta insha'i na kimanin kalmomi 450, kuma cikin zaɓin da ake bayarwa akan samu wasiƙa, da maƙala don jarida, da jawabi ko muhawara. Wato abin da ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida ke yi kowane mako shi ne tambayar jarrabawa da kanta. Sannan ga sashen taƙaita labari, ga na furuci. Ina yaro zai koyi furuci in bai taɓa buɗe baki a gaban mutane ba?

Akwai wata yarinya da ta shigo mana ƙungiyar 'yan jarida tana SS1. Ranar da aka fara ba ta karanta labarai a asambule, takardar na rawa a hannunta, ta ja hijabi ta rufe rabin bakinta, 'yan layin gaba ma ba su ji ta ba. Ba mu cire ta ba. Muka ce kowace Lahadi da dare ta saurari labaran rediyo, ta rubuta guda uku da kalmominta, ta kawo mu gyara da jan biro, ta sake kwafa. Kafin ta gama SS2 ita ke gyara wa ƙannenta rubutu, kuma in ta ɗaga murya har bakin get ana jin ta. Ban taɓa yi mata lesin ba. Abin da ta samu shi ne dalilin yin rubutu, don ta san ranar Litinin makaranta gaba ɗaya za ta saurare ta.

Ɗan Wunti:
Anti Malama, da girmamawa, makarantarku daban ce. A wadda na gama, ƙungiyoyin a takarda kawai suke. Sai an ji baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi sannan a tara mu a rubuta sunaye. Muhawarar ma malami ne ke rubuta jawabin, a ba yara huɗu 'yan gaban goshi su haddace. Maudu'in kuma bai wuce likita ya fi malami amfani, ko makarantar kwana ta fi je-ka-ka-dawo. Yaro ya tashi ya jero gaisuwar shugaban taro da alƙalai da mai duba agogo, ya zubo hadda, in aka katse shi da tambaya ɗaya shi ke nan ya ɓace. Ƙungiyar manoma matasa kuwa sunanta kawai, aikin ƙarfi ne. Mu yi sharar gona, mu yi huɗa, mu yi noma, masara da gyaɗa su nuna, a loda a buhu, ba mu ƙara jin labarinsu ba. In irin wannan ne za a soke, wallahi ba zan yi kuka ba.

Malamar Turanci:
Ƙanena, abin da ka faɗa yana faruwa, kuma shi ya sa iyaye irin su Baban Khalil ba sa ganin amfanin abin. Amma wannan ba muhawara ba ce, hadda ce. Muhawara ta gaskiya sai a ba yara maudu'i kwana uku kafin ranar, kada su san ɓangaren da za su tsaya sai an jefa ƙuri'a a wurin. Ka ga dole yaro ya san hujjar ɓangare biyu. Kuma a ba su abin da ya shafe su: a hana talla lokacin makaranta ko a bari, a bar ɗalibai su riƙe waya ko a hana. Wata rana a yi da Turanci, wata rana da Hausa, don wanda Turancinsa bai nuna ba shi ma ya koyi tsara hujja.

Tsohon Firinsifal:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma abin ya taɓa ni, don a garin Bauchi ake wannan magana.

Ku tuna wanda ke kwance a kabarin nan da muke wucewa kullum a cikin gari. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Ya yi Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A wannan makarantar Malam Aminu Kano ya fara aikin koyarwa bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, kuma an san shi da shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo. A wajen 1943 su biyun tare da Malam Sa'adu Zungur suna cikin waɗanda suka riƙe zauren tattaunawa na Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e ke zama su yi muhawara kan al'amuran ƙasa, har maganar ta taɓo tsarin mulkin En'e, hukuma ta ga abin ya wuce inda take so. Daga irin wannan zama siyasar Arewa ta samu bakin magana. Mutumin da ya tsaya ya yi jawabin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, bayan kwana shida ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya, duniya ta yaba muryarsa, ba a ajin lesin ya koyi tsayuwa gaban jama'a ba.

Sannan akwai abin da ba a faɗa a taron iyaye, ni da na riƙe makaranta zan faɗa. Lesin ana biya, kulob ba a biya. Malamin da ya tsaya lesin yana da ɗan abin da zai saka a aljihu a ƙarshen wata. Wanda ya tsaya da 'yan muhawara ko ya kai yara fili, sai dai Allah ya saka. Ban zargi malamai ba, albashin bai kai ko'ina ba, kowa yana da iyali. Amma idan aka kawo muku shawara irin wannan, ku tambaya nawa ne kuɗin lesin ɗin, kuma wa zai karɓa. In har iyaye za su iya biyan lesin, za su iya ware wani abu daga ciki a ba malaman da ke kula da ƙungiyoyi. Ranar da aka yi haka za ku ga ƙungiyar da Ɗan Wunti ya ce tana takarda ta sauko ƙasa.

Baban Khalil:
Ranka ya daɗe, Baba, ka taɓo wurin. An ce kowane yaro zai riƙa biyan wani abu duk wata, amma ba a faɗi yadda za a raba ba. Zan tambaya. Sai dai har yanzu ina da damuwa: zamaninsu Tafawa Ɓalewa 'yan makaranta kaɗan ne, aiki na jiran kowa. Yanzu yara sama da miliyan ɗaya ke zana JAMB duk shekara, maki 400 ake fafatawa a kai, wanda ke son likitanci ko injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ya san abin da ke gabansa.

Injiniya daga Gombe:
Yaya Baban Khalil, ni ta wannan ƙofar na bi, bari in ba ka nawa. JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Kowace shekara akwai yaran da suka san amsa amma ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe linzamin kwamfuta. Hannu na rawa, lokaci na tafiya. Wanne ya fi musu amfani, ƙarin awa biyu na kwafar allo, ko ƙungiyar kwamfuta da za ta zaunar da su gaban na'ura sau ɗaya a mako?

Haka jarrabawar gwaji ta Kemistiri da Fizis da Bayoloji a WAEC da NECO. A makarantu da yawa ɗakin gwaji a kulle yake sai saura mako biyu jarrabawa. Mu a ƙungiyar JETS, ta ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, muka fara taɓa kayan. Ina tuna malaminmu ya sa mu jiƙa zoɓo, muka tace, muka ɗiga ruwan a kofi biyu, ɗaya da ruwan lemon tsami, ɗaya da ruwan kanwa. Na lemon tsami ya ƙara ja, na kanwa ya juya ya yi duhu-duhu mai kore. Daga ranar babu wanda ya sake rikita asid da alkali a cikinmu. Da muka zo gwajin gaske, ana ɗiga asid daga dogon bututun awo ana jiran launi ya juya, hannunmu ya riga ya saba. Zoɓo da kanwa nawa suke a kasuwar Muda Lawal?

Ban ce kada a yi lesin ba. 'Yan SS3 daga Janairu zuwa jarrabawa suna buƙatar bitar tsofaffin tambayoyi, wannan babu musu. Amma ɗan SS2 da ɗan SS1 me ya yi da za a ƙwace masa?

Ustaz Abu Hanan:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a Islamiyya da yamma, don haka ni ne wanda yaran ke zuwa wa a makare ranar Laraba. Maman Ilham ta yi gaskiya, suna shigowa an kusa tashi, wasu da kayan makaranta a jikinsu, suna gyangyaɗi a kan allo. Amma ku lura, in aka mayar da awa biyun lesin, makarar tana nan yadda take. Ba a magance mini komai ba.

Kuma kada mu ɗauka ayyukan bayan aji ƙwallo ne da rawa kawai. Musabaƙar Alƙur'ani ma cikinsu take. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shirya ta ƙasa, ana tasowa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa tarayya, daga masu izu 2 har masu izu 60 da tafsiri. A 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi daga Gombe ta zo ta ɗaya a gasar mata ta duniya a ƙasar Jodan. Irin waɗannan yara a makarantu ake fara gano su, a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa tun 1954. A nan yaro ke koyon jan salla, da yin gajeriyar nasiha bayan azahar, da tara taimako in ɗan ajinsu ya yi rashi. In an soke ranar ƙungiyoyi, da wannan za a haɗa.

Maman Grace:
Sannunku da hira. Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin maganarka, don mu ma haka ne a FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Ni 'yar Bogoro ce, a makarantar kwana na yi sakandare, kuma abin da nake so in ƙara shi ne zumunci. A aji kowa da wurin zamansa, a ɗakin ibada kowa da nasa. Amma a Red Cross da ƙungiyar wasan kwaikwayo da filin wasa, a nan Basayiya da Bafulatana da Bajariya da Bahaushiya ke zama abu ɗaya. Aminiyata har gobe 'yar Azare ce, a ƙungiyar ba da agajin gaggawa muka haɗu, muna koyon ɗaure karaya da tsayar da haɓo. Ita ta zo bikina, ni na je sunan 'ya'yanta. Jihar da ta ga abin da ta gani na rikici a baya bai kamata ta rage wuraren da yaranta ke cuɗanya ba.

Maman Ilham:
Maman Grace, ke a makarantar kwana kika yi, kin faɗa da bakinki. Can yara suna ciki, an ci abincin rana, an yi barci, a fito wasa, da dare a tafi firef, wato karatun dare. Babu mai neman Keke. Yawancin yaranmu yanzu je-ka-ka-dawo suke, kuma kun san dalili. Bayan hare-haren makarantun Buni Yadi da Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, iyaye da yawa hankalinsu bai ƙara kwanciya da kwanan yara a makaranta ba. An ɗauko tsarin makarantar kwana an ɗora wa yaran da ke komawa gida, shi ya sa abin ke karo da komai.

Koci:
Hajiya, wannan magana taki ta fi kowacce nauyi a wurina, kuma ban da amsarta duka. Amma bari in kare ɓangarena, don na ga an fara yi wa wasanni kallon almubazzaranci.

Tsadar inta-haus ba daga wasan take ba, daga bidi'o'in da aka lanƙaya masa ne: sarki da sarauniya, hayar doki, rumfuna, mai kiɗa, ambulan ɗin manyan baƙi. Wasan kansa me yake ci? Ni da yarana muke auna fili da igiya, mu zana layukan gudu da toka, sandar miƙa-miƙa mu yanko ta daga gora, ramin tsalle mu cika shi da yashin rafi. Launin gida kuma ƙyalle ɗan yatsa biyu a ɗaura a hannu ya wadatar. Langa ba ta buƙatar ko takalmi, kuma ga ta cikin wasannin gargajiya da ake yi a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa.

Sannan ku dubi 'yan shekara 15 zuwa 18 a unguwanninmu da yamma. Ƙarfi ne a jikinsu yana neman inda zai fita. In bai fita a fili ba zai fita a lungu, kuma kun san abin da ake sha a lungu, kun san yadda sara-suka ta ɗebi yara a garin nan. Ina da ƙa'ida ɗaya: wanda bai zo makaranta cikakken mako ba, ko aka kawo mini ƙararsa daga aji, ba zai taɓa ƙwallo ba. Akwai yaran da saboda wannan ƙa'idar kaɗai suke zuwa makaranta ranar Litinin. Wikki Tourists da ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998 ba daga sama 'yan wasa ke faɗo mata ba, sai an fara ganin yaro a wani fili. Yau makarantu masu zaman kansu nawa ne a garin nan suke cikin gidan haya mai ɗaki shida, babu inda yaro zai yi ko tsalle ɗaya?

Ɗan Wunti:
Koci, Allah ya ƙara girma. Amma a faɗa wa masu kula da wasanni su riƙa sa ido a kan siniyoyi. Lokacin atisayen maci ne firifet ke samun damar huce haushinsa a kan ƙananan yara, tsallen kwaɗo a rana, gwale-gwale, wani har da bel. Yaro ɗan JS1 ya tsani fili tun daga nan.

Koci:
Haka ne. Duk inda aka bar yara da yara babu babba a tsaye, abin da zai faru ke nan. Firifet aikinsa ya tara yara ya kira suna, hukunci na malami ne.

Anti Balki:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar gama jarrabawa, da suke rubuce farar riga da alƙalamin maka, maza da mata a cakuɗe, a hau babura ana gudu a titi, a ɗora a TikTok. In wannan ne ayyukan bayan aji, a soke har abada.

Malamar Turanci:
Anti Balki, wannan ba makaranta ke shirya shi ba, yara ne suka ƙirƙiro wa kansu. Kuma ina ganin sun ƙirƙiro shi ne don an daina yi musu ranar jawabi da ba da kyaututtuka yadda ya kamata. Da, ranar ce iyaye ke zuwa, a yi wasan kwaikwayo, a kira wanda ya fi kowa Lissafi da wanda ya fi kowa tsafta da wanda bai taɓa makara ba, a ba shi littafi a gaban mahaifiyarsa. Yaron da ya yi shekara shida yana son a yi masa wani abu da zai nuna ya gama.

Admin:
Jama'a, maganar rubuce riga a buɗe mata zare daban don Allah. Mu tsaya kan tambayar Baban Khalil.

Injiniya daga Gombe:
Kafin a koma, abu ɗaya kan yawon buɗe ido na ɗalibai, don shi ma ya mutu shiru. Yaro ya gama sakandare a Bauchi yana haddace sunayen dabbobin dawa a Bayoloji, bai taɓa zuwa Yankari ba, alhali daga Dindima ka karya ka nufi ƙofar Mainamaji. Bai ga giwa ba, bai sa ƙafa a ruwan Wikki da ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina ba, bai tambayi dalilin hakan ba. Ga Sumu a Ganjuwa da raƙuman dawa. Mu a Gombe ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, ga kamfanin siminti na Ashaka kusa da Bajoga. Na san yanzu sai an duba tsaro da lafiyar mota, kuma kuɗin mai ya yi yawa. To a fara da na cikin gari: kabarin Tafawa Ɓalewa da ɗakin tarihinsa, gidan rediyo, ɗakunan gwaji na jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha. Wasu ma da ƙafa za a je.

Ustaz Abu Hanan:
Ina da shawara kan matsalar lokaci. Yawancin Islamiyyunmu Asabar zuwa Laraba suke karatu, Alhamis da Juma'a hutu. Me ya sa makarantun boko suka nace wa Laraba? A mayar da ranar ƙungiyoyi Alhamis. Babu mai makara Islamiyya, mu ma mun huta da yara masu gyangyaɗi. In ana son lesin ga 'yan SS3, a sa shi Asabar da safe, inda kai ke sanye, a tashi kafin azahar.

Tsohon Firinsifal:
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce magana. Zan ƙara da cewa ba dole sai bayan an tashi ba. A zamaninmu cikin jadawali muke saka shi. A rage minti biyar daga kowane darasi na ranar Alhamis, a haɗa da darasin ƙarshe, ka samu fiye da awa guda ba tare da an riƙe yaro ya wuce lokacin tashi sosai ba. Kowane malami a ba shi ƙungiya, a rubuta sunansa, firinsifal ya zagaya da kansa. Kuma kowace ƙungiya ta nuna abin da ta yi a ƙarshen zango: 'yan jarida su manna mujallar bango, 'yan JETS su kawo abin da suka haɗa, manoma matasa a sayar da amfanin gonar a gabansu, a rubuta kuɗin a allo, su faɗi abin da za a saya da shi.

Maman Ilham:
Baba, in cikin lokacin makaranta ne, kuma Alhamis, rabin damuwata ta tafi. Saura rabi. Ina so a rubuta a takarda cewa babu wani kuɗin riga ko na sarauniya da za a aiko mana. Ina so duk ƙungiyar da ke da 'yan mata a samu malama mace a wurin har a tashi. Kuma in za a fita da yara gasa wata makaranta, a sanar da mu kwana uku kafin ranar, a faɗi wanda zai raka su da lokacin dawowa. Ba na son in ji labari a bakin maƙwabta cewa an ga 'yata a bayan a-kori-kura an nufi Dass.

Maman Grace:
Na sa hannu a kan wannan. Kuma wasannin 'yan mata a ba su lokacinsu da gefensu na fili, da kayan da iyaye za su yarda da su. Yara mata da yawa suna son gudu da ƙwallon raga, kunyar 'yan kallo ce ke hana su.

Baban Khalil:
Na kwafe shawarwarin nan duka. Abin da zan kai shi ne Alhamis cikin jadawali, lesin ga 'yan SS3 kaɗai ranar Asabar, wasannin gidaje ba tare da karɓar kuɗin ado ba, da sharuɗɗan Maman Ilham. Abin da nake tsoro shi ne malaman da suka riga suka sa rai da kuɗin lesin na aji biyu, yanzu a ce aji ɗaya.

Malamar Turanci:
Za su ji babu daɗi, kuma suna da hujja, don haka kada ka je musu da faɗa. Ka bi ta hanyar da Baba ya nuna: daga abin da za a tara na lesin a ware kaso a ba masu kula da ƙungiyoyi, ko na kuɗin mota ne. Malamin Lissafin da ya rasa lesin na SS2 shi ne zai riƙe ƙungiyar Lissafi da kacici-kacici, ka ga bai fita hannu rabbana ba. Ka nemi iyaye mata biyu ko uku ku yi magana da murya ɗaya kafin ranar, don a irin wannan taro maza ke cika magana, alhali mata ne suka san ƙarfe nawa yaro ke shigowa gida. In makarantar ta amince, ni da wata abokiyar aikina za mu zo Alhamis ɗin farko mu nuna wa malaminsu yadda ake jefa ƙuri'ar ɓangare da yadda ake ba da maki. Koci, kai kuma ka ara musu igiyar awon fili.

Koci:
Igiya tana nan, da usur biyu. Su tanadi toka buhu ɗaya, kuma a yi awon da sassafe kafin iska ta taso.